Waƙar da Kaka Ba Ta Buɗe wa Baki Ba

Da an idar da magariba, Kaka takan hura gawayi a saman benenmu na unguwar Hindawiyya, ta ɗora butar shayi, mu kewaye ta. A waje Sitti muke ce mata kamar 'ya'yan Larabawa, sai an rufe ƙofa take komawa Kaka. Aikin hajji ne ya kawo ta Jidda daga ƙasar Katsina, ba ta koma ba, ba ta kuma da iƙama, takardar izinin zama. A ganinta, duk baƙon da ya ji Hausa a bakinta ya gama da ita.

Tatsuniyar da ta fi tsorata ni, ta samo ta ne wurin wani tsohon Musulmi ɗan ƙasar Sin da ta daɗe tana yi wa wankau a unguwar Sharafiyya.

"Ga ta nan," in ji Kaka, "amma kar ta sauka daga benen nan."

Wai a zamanin sarakunan farko na Sin, sarki yakan aiki wani mutum mai ƙararrawa ya bi ƙauyuka yana tattara waƙoƙin talakawa. To, akwai wata mata da ta gudo daga yaƙi ta fake a wani ƙauye, ta koyi maganarsu har ba a bambanta ta da 'yan gari. Ran nan tana bugun wanki a bakin rafi, sai waƙar garinsu ta kuɓuce mata. Ashe mai ƙararrawa na tsaye a bayan ciyawa. Ya kai waƙar fada, aka gane inda ta fito, aka zo aka tafi da ita.

"Ina aka kai ta?" na tambaya.

"Angon nan nawa akwai tambaya. Tarhil mana, ya waladi, aka mayar da ita inda ta fito. Halas. Baki shi ke yanka wuya."

Ita ma tana da waƙar garinsu, amma da leɓe a rufe take rera ta, sai dai amon. Wata rana tana cikin yi, muka ji ƙwal, ƙwal kamar ƙararrawa a lungu, yana matsowa. Ta juye shayin a kan garwashi, ta toshe mini baki da hannu. Hannun na warin sabulu. Ƙarar ta tsaya daidai ƙofarmu, na tabbata yau za a tafi da Kaka. Can sai wata murya ta ce, "Gas, gas." Mai sayar da gas ne ke bugun tukunya da sifana. Babu wanda ya yi dariya, kuma daga ranar ko amon ma ta daina.

Yanzu tsoffin waƙoƙin Sin nake karantawa a jami'a, daga daular farko zuwa na bayanta. Na tarar da mai ƙararrawa a littafi, da waƙoƙin mata masu wanki da matan mayaƙa, galibi babu sunan mai su. Labarin kamun ne ban gani ba, ina zaton Kaka ce ta ƙara shi daga tsoronta.

Kaka ta rasu a kan gadonta, ba wanda ya taɓa kama ta. Kwanan baya malaminmu ya ce kowa ya kawo waƙar kakarsa mu gwada da na Sin. Na miƙe a gaban aji, na laluba, ban sami ko kalma ɗaya ba. Sai na rufe leɓe na rera musu yadda ta bar mini.