Injin da Na Ɗauka Zuciyar Motar Mahaifina Ce

Shekarun baya, ina saurayi mai yawo da littattafan soyayya a aljihun riga, mahaifina ya rasu ya bar mini a-kori-kura guda. Ya saye ta ne a shekarun samun 'yancin kai, kuma da ita yake kwaso bandar kifi daga bakin ruwa wajen Warra zuwa kasuwar Yelwa. Ba ta da hon. Ba ta ma buƙatarsa, domin matan da ke banda sun san tarin injinta. Tun tana nesa za ka ga sun ɓullo daga bayan itatuwa da kwanduna a ka.

Shekara biyu a hannuna sai inji ya gaji. Hayaƙi baƙi ƙirin, baƙin mai kuwa kamar tana shansa da ludayi. Ga lokacin kamun kifi ya matso. In ba ta tashi ba, matan nan za su ba wata mota kayansu, cinikin da mahaifina ya gina ya bi ruwa.

Na tura ta garejin wani tsohon bakanike, abokin mahaifina. Ya saurari kukanta, ya goge hannu.

"Hanya biyu ce, ɗana. Ko mu kwance wanga inji mu aika neman fistin da ringi, wata guda ko biyu. Ko in aza maka na wata mota da ta yi hatsari, ga shi can, jibi ka tashi."

Na dafa ƙirji kamar jarumin littafi. "Baba, inji ai zuciya ne. Wa ke cire wa masoyiyarsa zuciya ya sa mata ta baƙuwa? Da wannan ta fito daga kamfani, da shi za ta mutu."

Ya dube ni har na tsargu. "Littattahan nan za su kashe ka. Taho ka gani."

Ya sa na duƙa, ya nuna mini ƙarafan da inji ke zaune a kai. Duk tabon walda ne, an yanke an ƙara, wani ƙarfen ma kamar ƙafar gado. Na tambaye shi wa ya yi wannan aika-aika. Ya ce hannunsa ne, sauran bayani kuma in nema wurin Inna.

Na iske Inna tana tankaɗe. Da na ce mata "injin asali", dariya ta yi har garin ya tashi.

"Wane asali? Wancan ai tun shekarar tashi ya bar motar."

Ta ba ni labari. Da aka datse kogi a Kainji, ruwa ya doso tsohon garinmu, mahaifina ya yi ta jigilar mutane zuwa sabon mazauni: turame, randuna, kaji, tsofaffin da ba su iya tafiya. A sawun ƙarshe inji ya sha ruwa a wani kwari ya tsaya cik. Da shanu aka jawo motar. Bai yi makoki ba, ya sa aka aza mata wani, domin akwai sauran kaya. Tsohon injin kuwa ya bar wa wani mai niƙa.

Maimakon kunya, sai son sani ya kama ni. Washegari na hau motar kasuwa, na yi ta tambaya har aka kai ni wata rumfar kwano kusa da Warra. Ga shi nan a kan kututture, fari fat da gari, an ɗaura masa bel yana juya injin niƙa. Mata na layi da ƙoren gero. Na tsaya ina jiran hawaye su zo, kamar yadda ake yi a littafi. Atishawa ce ta zo.

Na ce wa mai niƙan, "Baba, da gaske wannan ne na motar mahaifina?"

"Shi ne. Sai dai na sake fistin, na sake kai, na sake fanka. Gangar jikin dai tasa ce. In zuciya kaka nema, ga ta nan tana ba gari tuwo. Matsa, ka tare wa mutane hanya."

Na koma Yelwa na ce wa bakanike ya aza sabon. Sai da ya tambaye ni ko masoyiyar ta amince.

Ranar da na fara fita, motar na tafiya sumul. Na isa bakin ruwa, na tsaya inda mahaifina ke tsayawa. Shiru. Na taka totur. Ko kwando ɗaya bai fito ba. Ga hayaƙin banda ina hangowa, ga ƙanshi, amma ba wadda ta san wannan murya. Na ce shi ke nan, na sayar da cinikin gidanmu da hannuna.

Da na gaji da zama sai na sauka, na bi 'yar hanyar da ta ratsa itatuwan da ƙafa, ina sallama murhu murhu. Wata tsohuwa ta ɗago daga kan kifinta ta ƙare mini kallo.

"Au, kai ne? Mun aza motar masu awon ruwa ce. Haka ubanka ya yi tsaye can awa maraƙin da ya ɓata, shekarar da ya sake nashi. Shi ma da ƙahwa ya biyo mu. Ɗauki kwandon ga, kwana kaɗan za mu koyi kukan."

Sun koya kuwa, kafin kasuwa ta uku.

Har yau ina mamakin yadda na kusa zaunar da mota wata biyu saboda amanar da mai motar bai taɓa ɗora mini ba. Na tsaya gadin ƙarfe, alhali abin da ya bar mini shi ne waccan 'yar hanyar da mutanen da ke ƙarshenta. Motar ta daɗe da komawa akurkin kaji a bayan gidanmu. Amma in na ji tsohon inji na tari daga nesa, sai na waiga in ga ko wani zai fito da kwando.