Yadda Babanmu Ya Sayi Ƙwaƙwalwa

Babanmu, Orval Haugen, direban motar share dusar ƙanƙara ne a arewacin Minnesota har ya yi ritaya. Dogo ne mai faɗin kafaɗa, ba ya son yawan magana, ba ya kuma son a koya masa abu. In ka nuna masa hanya, sai ya ce ai shi yake share ta tun ba a haife ka ba.

Da ya ajiye aiki sai ya koma tafki. Sanyi na kamawa, ruwa ya daskare, zai ja 'yar bukkarsa ta katako zuwa tsakiya, ya huda ƙanƙara, ya zura ƙugiya, ya zauna a kan bokiti har yamma. Kifin da yake kawowa bai taɓa isar mutum biyu ba. Mamanmu, Ardis, takan soya shi ta ajiye masa shi kaɗai, ita ta ci dankali.

Mu 'ya'yansa muka jawo rigimar, da muka yi masa kyautar 'yar kyamarar da ake zurawa cikin ruwa. Daga ranar sai ya wuni yana ɗaukar bidiyon koren ruwa da ciyawa, ya dawo ya juye a kwamfuta, ba ya goge ko ɗaya. Ya rantse a cikin ɗayansu wani kifi ya gifta, tsawonsa ya kai na ƙafarsa shi Baban. Har suna ya raɗa masa, wai Kawu. Matsalar ita ce ya manta a wane bidiyon ne.

Tsohuwar kwamfutar ta cika, ta fara nishi. Wata Asabar na raka shi shagon kayan lantarki. Wadda ta tarbe mu sunanta Corinne, mace mai fara'a da ta manyanta.

"Baba, me kake yi da kwamfutar?"

"Ajiya."

"To, me ke damun ta?"

"In na buɗe bidiyo sai ta tsaya tana tunani, kamar miji an tambaye shi ranar haihuwar matarsa."

"Nawa kake buɗewa a lokaci guda?"

"Yadda ya samu. Wani kifi nake nema."

Corinne ta yi murmushi. "Ai kuwa, Baba, ƙwaƙwalwarka ce ta yi kaɗan."

Na ga kunnuwansa sun yi ja.

"Tawa?" Ya gyara tsayuwa. "Baiwar Allah, babu titin da ban san sunansa ba a gundumar nan, har waɗanda aka canja wa suna."

Ta ba shi haƙuri, ta ce ta kwamfuta take nufi. Ta yi bayani a hankali cewa abu biyu ne. Akwai ma'ajiya, inda bidiyo da hotuna ke zama ko an kashe na'urar. Akwai kuma ƙwaƙwalwa, wadda suke kira ram, ita ke riƙe duk abin da ka buɗe kana aiki da shi. Da giga ake auna girmanta: giga takwas ta ishi mai duba saƙonni da labarai, amma mai buɗe bidiyo barkatai gara ya ɗauki sha shida. Ta nuna wata siririyar kwamfuta da Baba ke shafawa, ta ce irin wannan a manne ƙwaƙwalwarta take, ba a ƙara mata daga baya.

Ni na gane. Baba kuwa tun daga kalmar farko ya toshe kunne. Ya zaɓi siririyar, mai ƙatuwar ma'ajiya tera biyu, wato giga dubu biyu, da ƙwaƙwalwa giga takwas kacal.

Na ja hannun rigarsa. "Baba, ka ji fa abin da ta ce."

"Takwas ma ta yi yawa. Ni da ɗaya nake aiki tun da aka haife ni."

Ba a daɗe ba ƙungiyar masuntan garinmu ta yi walimarta ta shekara a zauren da ke ƙarƙashin coci. Aka ci gasasshen nama da dankali, aka zuba kofi. Baba ya sanar cewa yau kowa zai ga Kawu da idonsa. Duane Maki, abokinsa tun firamare, wanda bai taɓa yarda akwai Kawun ba, ya jawo kujera ya zauna a gaba, ya harɗe hannu.

Aka haɗa kwamfutar da majigi, aka rage fitila. Da yake Baba bai tabbatar da bidiyon ba, sai ya zaɓi na wata guda gaba ɗaya ya buɗe su a tare. Kwamfutar ta yi ƙoƙari, ta buɗe wasu, fankarta ta fara kuka. Can ta ƙame a kan hoto ɗaya, daidai lokacin da Baba ya ɗago kyamarar yana goge gilashinta. Hancinsa ya cika bango daga sama har ƙasa, ƙofofi biyu, kowace ɗaya mutum zai iya shiga cikinta.

Sai Duane ya ce, "Kai, Orval, na yarda. Wannan kifin har gashin hanci gare shi!"

Wuri ya kaure da dariya. Matar fasto ta shaƙe da kofi, ana ta bubbuga mata baya. Baba ya danna nan, ya danna can, babu motsi. Ya fizge wayar wutar kwamfutar, ya manta tana da batir. Hancin na nan yana kallon jama'a. Daga ƙarshe Mama ce ta tashi, ta kashe majigin, ta koma ta ci gaba da cin kek ɗinta.

A mota ya kafa idonsa a kan titi har gida. Na ɗan ji tausayinsa, don na san ba dariyar ce ta fi ci masa rai ba, rashin ganin Kawun ne.

Washegari ya naɗe kwamfutar a tawul muka koma shagon. Ya tsaya gaban Corinne yana murza hularsa.

"Na zo ne a kan… abin nan."

Ta dube shi, ta dube ni, ta gane. "Kwamfutar ce ke buƙatar ƙari, ko, Baba?"

"Ita ce," ya ce da sauri. "Ita ɗin."

An yi sa'a wa'adin mayar da kaya bai wuce ba. Suka musanya masa da mai giga sha shida da ma'ajiya tera ɗaya, ya haɗa da wani ɗan akwatin ajiya da ake jonawa ta gefe, don tsofaffin bidiyonsa.

Sabuwar ba ta yi gardama ba. Bayan 'yan kwanaki ya samo Kawu, ya buga wa Duane waya ya ce ya zo maza. Muka taru a falo. Koren ruwa, ciyawa, sai ga kifi ya gifta a natse. Kifi ne dai, ba laifi, zai ishi mutum uku in akwai burodi.

Duane ya sa tabarau. "Wannan ne Kawun, ko ɗan autansa ya aiko?"

Baba ya mayar da bidiyon baya, ya sake kallo, ya karkata kai.

"Allon ne ya yi ƙanƙanta," ya ce. "Ya matse shi." Ya juyo gare ni. "Marlys, ranar Asabar za mu koma shago."

Mama ta miƙe, ta ɗauki makullin motar daga kan tebur, ta jefa a aljihun rigarta, ta tambayi Duane ko zai ƙara kofi.