Fiton Bahago

Ni tela ce, ban san ƙwallo ba, kuma ban taɓa ƙaunarta ba. Amma ƙannena biyu da ita suka ci abinci, dole na san abin da na sani. Babban shi ake kira Tsinke, don tun yana yaro in ya juya gefe sai ka neme shi ka rasa. Ƙaramin kuwa Bahago, da hagu yake ci, da hagu yake rubutu, duk faɗan da Inna ta sha yi masa a banza.

A lungun bayan shagona suka koyi wasa, gilashin tagar da suka fasa min kuwa Allah ne kaɗai ya sani. Ana nan wata babbar ƙungiya ta ɗauke su tare, Tsinke a tsakiya yana raba ƙwallo, Bahago a gefen hagu yana gudu. Ba ƙarfi ne ya ɗaga su ba. Bahago yana da wushirya, in ya hango hanya sai ya yi fito ta cikinta, gajere mai kaifi. Tsinke ba ya ko waiwayawa, idonsa na kallon dama zai tura ƙwallo hagu, daidai inda ɗan'uwansa zai isa. 'Yan baya su bi idon, kafin su ankara raga ta motsa. Na ce musu ai wannan shi ne fiton da kuke ankarar da juna da shi in Inna ta ɗauko bulala. Suka ce shi ne, Yaya, yanzu biyanmu ake a kansa.

Wata ranar wasa, rana na dukan kowa, Bahago ya yi fito, Tsinke ya tura, Bahago ya bi ƙwallon da gudu. Bai kai gare ta ba. Babu wanda ya taɓa shi, kawai ya durƙusa ya kife a ciyawa. Likita ya ce zuciya ce. Kafin motar asibiti ta bar filin rai ya yi halinsa.

Bayan makoki Tsinke ya koma bakin aiki, don akwai Inna, akwai matarsa da goyo, ga matar Bahago da 'yarta. Sai ga magana tana zuwa min shago a bakin masu kawo ɗinki. Wai ƙaninki ya fara ba iska ƙwallo. Yana cikin wasa lafiya lau, sai ya tura ta hagu inda babu kowa. Na ce ku kama bakinku, mutum ba ya kuskure? Amma mai aske ciyawar filin, wani dattijo da nake rage wa wando, ya faɗa min abin da ya hana ni cin abinci ran nan. Ya ce ƙwallon da Tsinke ke turawa ba ta fita waje. Tana cikin gudu sai ta tsaya cak kafin layi, kamar an ɗora mata ƙafa. Ya ce duk wanda koci ya sa a gefen nan, wasa ɗaya biyu sai ya roƙi a canja masa wuri, wai yana jin numfashin mutum a kafaɗarsa.

Na tsare Tsinke a shago, na rufe ƙofa. Na ce, "Kai, ka faɗa min gaskiya ko in ci mutuncinka."

Ya daɗe yana wasa da almakashina kafin ya ce, "Yana yi min fito, Yaya. Kafin in yi tunani ƙafata ta riga ta ba shi."

Da yake ni ce babba sai na rufe shi da faɗa. A nan ya gaya min koci ya yi masa magana ta ƙarshe. Wasan Asabar, in ya sake jefar da ƙwallo ko ɗaya a gefen nan, ya cire rigarsu ya nemi wani wuri. Kuma wa zai ɗauki ɗan wasan da ake cewa ya taɓu? Na wanke shi tas. Na ce wanda ya tafi ya tafi, ka bar yaron nan ya huta, 'yarsa kuma ba fito za ta ci ba.

Ran Asabar na rufe shago na tafi filin, abin da ban yi ba tun rasuwar. Na zauna ƙasa-ƙasa a gefen hagu, kusa da wayar shingen filin, don in ya kalli wajen ya ga fuskata ya shiga hankalinsa. Jama'a maƙil, ga ihu, ga masu tallan ruwa suna taka min ƙafa. Ciyawar gabana kuwa babu kowa a kanta, ɗan wasan da aka sa a wurin ya matsa can ciki.

Tsinke ya karɓi ƙwallo a tsakiya. Wallahi tallahi na ji shi. Ba usur ɗin alƙalin wasa ba ne, ba kuma 'yan kallo ba. Fiton nan ne da na sani tun suna tsirara, a gabana, tazarar da in na miƙa hannu zan taɓa mai shi. Na kalli matar da ke kusa da ni, tana ta ɓare lemonta. Na kalli Tsinke, na ga ƙafarsa ta ɗaga ta tsaya a sama. Sai ya juya ya ba na dama.

Haka aka yi ta yi. Ya karɓa, a yi fito, ya kai dama. Fiton ya ƙara ƙarfi, ya koma bi da bi, irin na yaron da aka kulle a waje. Ni da na zo tsare wani sai ga ni na cusa mayafi a baki ina kuka. Can wajen ƙarshe aka yi wani guda ɗaya, siriri, daga nesa, ta wajen ƙofar da 'yan wasa ke shigewa. Daga shi ban ƙara jin komai ba.

Sun ci wasan. Ƙwallon da ta shiga ma Tsinke ne ya bayar, ta dama. Koci ya rungume shi, aka sabunta masa kwantiragi. Ya yi shekaru yana bugawa har ya zama kyaftin, sai da gwiwa ta ce ta gaji ya ajiye takalmi. 'Yar Bahago a gidansa ta tashi, shi ya yi mata karatu, shi ya aurar da ita. Yanzu motar ƙungiya yake tuƙawa, ya yi tumbi, sunan Tsinke ya zama abin tsokana.

Sau ɗaya muka ƙara taɓa maganar, da yammacin waccan Asabar ɗin. Ya shigo shago ko wanka bai yi ba, ya zauna a kan buhun ƙyallaye.

"Kin ji shi?"

Na ce na ji.

"Fushi ya yi, ko hutawa ya tafi?"

Ni da ba a kayar da ni a magana, sai na koma kan kekena na ci gaba da ɗinki. Ya jira, ya jira, ya tashi ya fita.

Jiya ya raka ni asibiti a duba min ido. A bencin jira na zo zan zauna a hagunsa, ya kama hannuna a hankali ya zagayo da ni dama. Wurin cike yake, mutane a tsaye, wani tsoho ya nuna gurbin ya tambaya ko da kowa. Tsinke ya miƙe ya ba shi nasa wurin, shi ya tsaya, tafin hannunsa a kan inda babu kowa, har aka kira mu.