Na'Allah Mai Jakkai da Ciwon Ƙafarsa

Kowane jajiberin kasuwar Tambuwal, da an sallame asuba a Kebbe, Na'Allah zai aza wa jakunansa biyar akumari, ya ɗora taikunan gero, ya kama hanya. In kasuwa ta ci ta watse, washegari ya juyo da gishiri da goro. Shekara ashirin da wani abu yana wannan zirga-zirga. Bana ya ajiye sanda, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Mutanenmu suna da wani hali da ba na yabo. Saurayi ya tafi cin rani Kurmi, ya dawo, kafin a tambaye shi hanya an dubi hannunsa. Wanda ya samo, a yi ta shi. Wanda cuta ko rashin sa'a ta koro hannu rabbana, kunya ba ta barinsa ya ƙarasa gida. Sai ya sauka daga motar goro a Tambuwal, ya shiga dako, ya riƙa kwana rumfunan kasuwa. Da gidan ubansa, da gonarsa, amma ya zama marar wurin kwana.

Ni ma ina da hannu a ciki. Shekarar da aka sami mulkin kai ƙanena Bube ya tashi zuwa Kumasi, na ce masa cikin raha kada ya dawo sai da keke. Na manta da maganar kafin azahar. Shi bai manta ba. Damina biyu innarmu Atu tana sa a sabunta jinkar ɗakinsa, muna cewa yana Kurmi, ashe yana nan tafiyar yini guda da mu. Rannan kawunmu ya ce in damina ta uku ta faɗi bai zo ba, zai ba wani gonar, ɗakin kuma a zuba harawa.

Na'Allah ne ya gano shi. Ya lura da cewa ɗan dakon da ke ɓacewa ranar kasuwa, ranar da aiki ya fi yawa, to garinsu kusa yake, idon sani yake gudu. Bai yi masa wa'azi ba. Ɗingishi ya fara.

"Ɗana, ƙahwag ga ta matsa min. Taho ka kora min jakkai."

"Baba, ina kaka zuwa da su?"

"Inda sunka saba."

Bube ya san inda suka saba, amma ya ji nauyin ƙin dattijo. Da suka hango rumbunan Kebbe sai ya tsaya cik.

"Baba, ba ni shiga. Mi nika kai ma inna?"

Na'Allah ya kwance ƙullin goro da sabulu biyu ya danƙa masa. "Ladan aikinka na, ba sadaka ba. Wuce gaba, kai ad da sanda."

Haka suka shigo da la'asar sakaliya, ta gaban majalisar da ta fi kowace surutu, Bube a gaba da jakuna biyar cike da kaya, tsoho a baya yana jan ƙafa. Ba wanda ya tambayi abin da ya kawo, sai sannu da hanya. Inna kuwa ko kallon goron ba ta yi ba. Ni da nake malamin makaranta, mai yawan magana, ranar kuka kawai na yi.

Daga baya muka ji ba Bube kaɗai ba ne. Liman ya lissafa mini samari goma sha ɗaya, har da na ƙauyukan kan hanya, kuma duk ranar da aka dawo da ɗaya, ƙafar Na'Allah ce ta tashi. Da safe kuma a gan shi yana tafiya garau.

Kai ne, Baba, ka gane cewa ba rufin ɗaki yaran nan suka rasa ba, fuskar shiga gari suka rasa, ka ara musu taka. Ba ka taɓa ba da labarin kowa ba. Da na zo godiya ma cewa ka yi, "Malam, jakkai ad da godiya, su sunka san hanya."

Bana ciwon da ya daɗe yana ara ya kama shi da gaske, gwiwoyin sun kumbura. Bube ne ke kora jakunan yanzu, kuma na ji an ce watan jiya shi ma an gan shi yana ɗingishi a tashar Tambuwal.

Allah ya saka maka da alheri, Baba Na'Allah, ya ba ka lafiya. Mu kuma da ba mu da jakuna, muna da baki. Yaro ya dawo, a tambaye shi gajiya, a ba shi ruwa, a bar hannunsa. Bube har yau bai sayi keke ba, ni kuwa ban ƙara tambaya ba.