Baballe Mai Shan Ƙasan Kunu

Baballe abokina ne tun muna yara, tun lokacin da manyan motoci suka zo haƙa kanal, wato hanyar ruwan noman rani, a bayan ƙauyenmu, tsakanin Kura da Bunkure. Tare muka ga ranar da ruwan madatsar Tiga ya fara gangarowa, tare muka sha bulala saboda wanka a cikinsa. Allah ya yi masa rasuwa a kakar shinkafa ta shekarar 2006. Har yau akwai masu cewa ƙwaya yake haɗiya a ɓoye, ita ta kashe shi. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, domin 'yarsa Rahma, in ta girma, ta ji labarin ubanta daga bakin wanda ya san shi.

Dogo ne, baƙi, mai wushirya. Abu biyu aka san shi da su, ci da barci. In kuka haɗa kwano da shi sai ka yi da gaske. In aka idar da azahar kuwa, zai nemi inuwar mangwaro a bakin kanal, ya kifa malafa a fuska, kafin ka gama ɗaure takalmi ya fara minshari. Sarkin Barci muke ce masa, yana amsawa. Ko goro ba ya ci. In aka miƙa masa a wajen ɗaurin aure sai ya jefa mini a aljihu ya ce, "Riƙe, mutumina. Ni in na ci, sai in ji kamar mata suna lugude a ƙirjina."

Gonarsa ba ta da girma, ba ta ciyar da gida shekara. Don haka muka haɗa ƙungiyar ƙwadago, muna dashen tumatir da rani, muna yankan shinkafa da kaka. Shi muka sa a gaba, saboda laujensa ba ya barin zangarniya a baya, kuma bakinsa ba ya zagi.

Akwai al'adar da muka tarar a wannan aiki. In mai gona ya kawo kunu, ana zuba wa 'yan aiki ɗaya bayan ɗaya, shugaba shi ne na ƙarshe. Babba ba ya sha sai ya ga kowa ya samu, sannan kaurin da ya kwanta a ƙasa ya zama rabonsa. Baballe yana son wannan al'ada ƙwarai. Zai ɗaga jarka da hannu biyu, ya girgiza, ya kafa kai, har ya buga gindinta don kada wani abu ya maƙale.

A waccan kaka aka kira mu gonar Alhaji Maikuɗi, wani ɗan kasuwa daga wajen Kumbotso da ya kama hayar filaye masu yawa a bakin kanal. Sauri yake yi a kwashe shinkafa kafin lokacin shukar alkama ya wuce. Kowa ya san Alhaji da hannun jarirai, wanda ya yi masa aiki bara ya ce ko ruwan sha da kanka za ka ɗebo. Sai ga shi ranar farko ya buɗe bayan mota ya sauke babbar jarkar kunun zaƙi da hannunsa.

Baballe ya ce, "Alhaji, lafiya kuwa? Ko wa'azin jiya ne ya ratsa ka?"

"Ku dai sha ku yi mini aiki, Sarkin Barci."

Na kurɓa na ji ɗan ɗaci a ƙarshen harshe. Da na faɗa, Alhaji ya ce kimba ce ta yi yawa. Daga ranar kullum sai jarka ta zo, safe da rana, kuma ba ya aiko kowa da ita, shi da kansa yake kawowa.

Aiki ya yi ta gudu. Mu da muke shan sama-sama, abin bai wuce mu ji jiki sakayau ba, yunwa ba ta damunmu, rana ba ta yi mana zafi. Muka ɗauka daɗin kaka ne. Amma Baballe ya soma zama wani mutum. Ranar da na fara tsorata ita ce ranar da aka idar da azahar na ga inuwar mangwaro ba kowa. Yana can tsakiyar gona shi kaɗai yana yanka, yana magana da kansa. Leɓensa ya bushe, idonsa ya fito, muƙamuƙinsa yana motsi kamar mai tauna, alhali ba komai a bakinsa. Wandonsa ya fara zamewa daga ƙugu.

Sai zargi ya biyo baya. Wata rana muna wasa lauje ni da Uba, ɗaya daga cikin abokan aikinmu, ya ɓullo ta bayan dami.

"Bilya, me kuke faɗa a kaina?"

"Maganar dutsen wasa muke yi."

"Na ji sunana."

"Wallahi ba wanda ya ambace ka. Zo ka ci ɗan wake, tun safe ban ga ka sa komai a baki ba."

Ya dubi kwanon kamar an sa maciji a ciki. Ya ce, "Wa ya ce a kawo mini?"

Da safe na biya gidansa, na tarar ya riga ya fita. Matarsa Kubra ta yi mini magana ta bayan ƙofar zaure, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Malam Bilya, abokinka ba lafiya ba. Ya daina cin tuwona, wai na zuba masa wani abu. Ni da nake dafa masa tun ba mu da tukunya biyu. Barci kuwa ya ƙaurace masa."

"Me kike gani?"

"Mata suna ta faɗa a gidan suna, wai ƙwaya yake sha irin ta direbobi. Na zazzage aljihunsa, har cikin hula na duba. Ban ga komai ba sai carbi da tsinken sakace."

A gona na ja shi gefe na roƙe shi ya ci abincin gidansa. Ya ce, "Ni yanzu ba na cin abin da aka zuba mini ni kaɗai. Kunun Alhaji kowa yana sha. Abin da kowa ya sha ba ya kisa." Wato duk duniya ba abin da ya amince da shi sai wannan jarka.

Ana cikin haka lauje ya yanke ni a yatsa, jini ya ƙi tsayawa. Duk da halin da yake ciki, Baballe ne ya goya ni a keke zuwa ƙaramin asibitin da ke bakin titi. Ma'aikaciyar jinya a wurin Sista Veronica ce, 'yar wajen Kafanchan, ta daɗe a cikinmu har ta san sunan kakanninmu. Tana ɗaure mini yatsa tana kallonsa, ya kasa zama, yana ta leƙen taga. Ta lallashe shi ta auna jininsa. Ta sake aunawa.

"Malam Baballe, me kake haɗiya?"

"Yawuna."

"Ba wasa nake ba. Jininka ya hau sosai, zuciyarka tana gudu. Ka ajiye lauje yau, gobe ka shiga Kano a duba ka."

"Sai mun kwashe shinkafar Alhaji. Wa ya turo ki ki yi mini tambaya?" Ya fizge hannunsa ya fita.

Ta juyo gare ni ta ce alamun da ta gani na wata ƙwaya ne da ake kira amfetamin, ko wata 'yar uwarta. Ta ce, "Magani ce a hannun likita. Ana ba wanda barci ke kwashe shi yana tsaye, ko yaron da hankalinsa ba ya zama wuri ɗaya, kuma da awo ake bayarwa, ana lura da jini. Wadda ke yawo a tasha da gonaki kuwa, ba wanda ya san me aka cusa a ciki. Ba ta cire gajiya, rufe mata baki take yi. Ta kashe yunwa, ta kori barci, ta tayar da jini. In ta yi yawa mutum ya fara zargin inuwarsa."

Na ce, "Sista, mutumin nan ko goro ba ya ci."

Ta ce, "To ta wata hanya take shiga."

Tun a hanyar komawa zuciyata ta tafi kan jarka. Ɗacin nan. Alherin da ya zo wa marowaci dare ɗaya. Da kuma wanda yake shan ƙasa. Washegari da aka zo zuba kunu ni ban karɓa ba, na riƙe hannun Baballe na ce, "Don Allah yau ka bar shi. Ban yarda da kunun nan ba."

Ya dube ni da idon da ban taɓa gani ba. "Kai ma kana sha, ga ka garau. Ko so kake in sauka ka hau?"

"Baballe, ni ne fa."

"Na san kai ne." Ya ɗaga jarka ya kafa kai, ya buga gindinta kamar kullum.

Kafin la'asar ya faɗi a tsakiyar gona, hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya riƙe da lauje. Muka tare wata akori-kura mai ɗaukar kwanduna. Kansa yana kan cinyata. Ya buɗe ido ya ce, "Mutumina, barci nake ji." Na ce ya yi abinsa, ina nan. Ba mu kai Kura ba.

A zaman makoki Alhaji Maikuɗi ya zo da buhun shinkafa. Bayan addu'a ya girgiza kai ya ce, yadda kowa zai ji, "Allah ya yafe masa. Na sha yi wa 'yan ƙwadago faɗa a kan ƙwayoyin nan, ba sa ji." Dattawa suka sunkuyar da kai. Daga nan maganar ta tashi daga bakin mata ta zauna a majalisa.

Bayan sadakar uku Kubra ta aika a kira ni. Tana cikin takaba, Rahma tana kwance a cinyarta. Ta ce, "Malam Bilya, kai ne kake tare da shi wuni. Ka faɗa mini gaskiya ko mai ɗaci ce. In yarinyar nan ta tashi aka ce mata 'yar ɗan ƙwaya, me zan ce mata?" Na ce ta ba ni lokaci. Zargi nake da shi, ba shaida ba, kuma ba a shiga gidan takaba da zargi.

Saura bugun shinkafa a gonar Alhaji, 'yan aiki suka sa ni a gaba. Ban yi tsammanin jarka za ta sake zuwa ba, sai ga ta. Na ce kowa ya dakata, kunu ya yi zafi, a bar shi ya huce. Da ya kwanta sosai na tsiyaye saman a bokiti a hankali, na juye ƙasan a moɗa. A cikin kaurin akwai wasu 'yan ɓarɓashi farare da ba su narke ba, ba su yi kama da gero ba. Na ɗora ɗaya a harshe, na tofar.

Alhaji yana tsaye a kan kunya yana taunar jan goro. Na ɗauki moɗar da hannu biyu, na rusuna a gabansa.

"Alhaji, babbanmu ya tafi, ni ban isa in sha rabonsa ba. Yau kai ne babba a gonar nan. Bismillah."

Ya dubi moɗa, ya dube ni. Ya ce, "Azumi nake yi."

Uba ya ce, "Allah ya karɓa, Alhaji. Goron ma azumin yake?"

Ba wanda ya yi dariya. Alhaji ya tofar da goron, ya ce in muna da magana mu tambayi mai dama kunun, shi ana jiransa a Garun Malam. Ya shiga mota. Muka tafi gaba ɗayanmu gidan Hawwa, tsohuwar da yake saye a wurinta. Ta ce gero ne da citta da kanumfari da sukari, ita ba ta taɓa sa masa kimba ba, kuma a rufe take miƙa masa jarka. Sista Veronica ta duba ɓarɓashin ta ce sun yi kama da dakakkiyar ƙwaya, amma ba ta da abin gwaji, ba za ta rantse ba.

Ni ma ban ga hannun da ya zuba ba, ba zan ce na gani ba. Abin da na gani shi ne mutum ya ƙi shan kunun da ya kawo da hannunsa.

Na kai wa Kubra moɗar. Na faɗa mata komai. Ta sa yatsa ta murza ɓarɓashin. Sannan ta ce, "Ya tafi yana ganin ni na cuce shi."

Na ce, "Ba shi ne yake wannan ganin ba. Ke kin san wanda kika aura."

Ta share ido da gefen mayafi ta ce, "To kada ka faɗa mini ni kaɗai. A majalisa aka ɓata shi."

Ranar Juma'a bayan an sallame na miƙe a ƙofar masallaci na nemi izinin liman. Ban saba magana a taro ba. Na faɗi abin da na gani, ban ƙara ba. 'Yan aikinmu suka miƙe ɗaya bayan ɗaya suka ce a idonsu aka yi. Wasu dattawa suka ce a bar wa Allah. Wasu har yanzu ba su yarda ba, suna cewa aboki ne ke rufa wa aboki asiri. Amma liman da bakinsa ya ce daga yau wanda ya sake kiran Baballe ɗan ƙwaya ya shirya amsa a gaban Ubangiji. Alhaji bai sake kama haya a ɓangarenmu ba. Na ji an ce yana wajen Madobi, na kuma aika wa 'yan ƙwadagon can saƙo.

Yanzu kunun da muke sha a gona daga gidajenmu yake fitowa, yawanci Kubra ce ke damawa. Ni ne na ƙarshe a sha. Ban iya buga gindin jarka yadda yake yi ba.

Rahma, ubanki ya fi kowa barci a ƙasar Kura, kuma ko goro ba ya ci. Yana jira kowa ya sha ne sannan ya sha abin da ya rage. Allah ya jiƙansa, ya sa barcin da ya ce yana ji ya zame masa hutu.