Takabar Goggo da Telen Gidan Alhaji

Jiya da la'asar aka yi yayyafi a nan Yamai. Na fita kwashe shanya, sai ƙamshin jiƙaƙƙiyar katangar maƙwabta ya tare ni. Ta ƙasa ce, irin wadda ta fara wuyar gani a unguwarmu. Na daɗe a tsaye da zannuwa a kafaɗa, har suka sake jiƙewa. Kai mai karatu wataƙila damina kawai wannan ƙamshi yake tuna maka. Ni wata katanga yake tuna mini a Matamaye, wadda na yi kusan wata uku ina jingina da ita ina shirya ƙarya.

Goggo ce ta riƙe ni, ƙanwar mahaifina. Allah bai ba ta haihuwa ba, sai aka ɗauko ni daga Yauri ina shekara biyar aka ba ta. Sunan mahaifiyarta aka sa mini, shi ya sa ba ta taɓa kiran sunana ba. Uwata take ce mini, ko da zagina za ta yi. Mu uku ne a gidan, ni da ita da mijinta da nake kira Baba, wanda yake saro rake daga fadamun Dungu ya kasa a bakin kasuwa. Gida ne mai ɗaki biyu da bishiyar dalbejiya ɗaya, ba hayaniya sai ta kaji.

A lokacin tele ɗaya ce a duk layinmu, a gidan wani Alhaji mai fatauci zuwa Kano. Da an idar da Magariba sai a fito da ita tsakar gida, a yaye mata mayafin da matarsa Hajiya ta saƙa mata. Mata su baje a tabarmi, mu yara mu zube a ƙasa a gaba. Akwai wani fim na nasara, wato Turawa, da aka juya zuwa Faransanci, ana nuna rabin awa kullum ban da Asabar da Lahadi. Labarin wata 'yar tela ne da wani likita mai gashin-baki, suna son juna, uwar likitan ta ce sai dai bayan ranta.

Ban taɓa ganin wanda fim ya shiga ransa kamar Goggo ba. Tun kafin la'asar take tuƙa tuwo don kada ya tsare ta. Ba ta jin Faransanci ko na gaisuwa, ni kuma ina aji biyar a lakwal, makarantar boko, ina ji da kaina. In na fara fassara mata sai ta ɗaga hannu.

"Ke dai in sun nuna wasiƙa, karanta mini abin da ke cikinta. Sauran ina da ido."

Kuma tana da shi. Kafin mutum ya buɗe baki ta gane munafuki ne. Tana yi wa 'yar tela ihu kada ta buɗe ƙofa, tana ce wa uwar likita tsohuwar banza, in kuran, wato lantarki, ya ɗauke ana tsaka da kallo kuwa, ranar ko ni sai na bi ta a hankali.

Baba ba ya kallo. A dakalin ƙofar gidan Alhaji yake zama da maza har mu fito. A hanya sai Goggo ta kwashe labarin kaf ta ba shi, har da kwaikwayon tafiyar tsohuwar. Shi kuma yana gaba da tocila yana cewa aikin banza, manya da ku. Sai mun kai zaure, yana neman makulli, ya tambaya kamar ba da gangan ba, "To, wasiƙar fa, ta kai hannunta?"

Cikin tsananin zafin bazara Baba ya kwanta ciwo, kwana huɗu Allah ya karɓi abinsa. Goggo ta shiga takaba. Wata huɗu da kwana goma ba fita, ba kwalli, ba lalle, ba turare, magana ma ƙasa-ƙasa. Satin farko gidan ya cika har ba wurin taka ƙafa. Bayan sadakar bakwai 'yan nesa suka tafi. Masu leƙowa suka riƙa raguwa, kuma duk wadda ta zo gaisuwa take yi, ta yi addu'a, ta tashi. Ba a yi wa mai takaba hirar fim, ko Hajiya ba ta taɓa yi ba. Yini guda Goggo takan yi a ƙofar ɗaki da carbi, ba abin da take kallo sai inuwar dalbejiya tana zagaya tsakar gida.

Wata Magariba, kiɗan buɗe fim ya tsallako katangu ya iso mu. Na ga carbin ya tsaya a hannunta. Ba ta dube ni ba ta ce, "Uwata, ke ai ba takaba kike ba. Je ki, ki zo ki faɗa mini."

Haka muka soma. In na dawo na tarar ta shimfiɗa tabarma, ta ajiye mini tuwona a rufe. Ina ci ina ba ta labari, tana tsayar da ni. Wace riga ta sa? Da ya faɗi haka, ta dube shi ko ta sunkuyar da kai? A duk yinin, wannan ne kaɗai lokacin da nake jin muryarta ta dā.

Ba a fi sati biyar ana haka ba abin ya lalace. A gidan Alhaji akwai doka: in likita ya matso kusa da 'yar tela fiye da kima, Hajiya takan ce, "Yara, ƙasa!" mu kuma mu dukar da kai muna leƙe ta tsakanin yatsu. Ranar Hajiya ta shiga ɗaki ɗauko wani abu, Alhaji kuma ya dawo daga tafiya ya yi sallama daidai lokacin da bai kamata ba. Ya dubi tele, ya dube mu, bakinmu a sake. A take ya ce daga yau kada ya ƙara ganin yaro ko yarinya a gaban akwatin nan. Aka sa wani ɗan'uwansa tsaron zaure.

Na dawo da niyyar faɗa wa Goggo. Na tarar ta kunna fitila, ta gyara zama, har ta ɗan karkato kamar mai jiran baƙo. Na kasa. Na ba ta abin da na gani, na yi shiru da sauran.

Washegari na fita kamar kullum, na zagaya lungun bayan gidan Alhaji, na zauna na jingina da katanga. Damina ta sauka a lokacin. Ƙasa a jiƙe, sauro kamar ya ɗauke ni, kwaɗi suna ta yi a kududdufi. Ina jin kiɗa, ina jin ana kuka ko ana buga ƙofa, wani lokaci in tsinci kalma ɗaya ko biyu. Sauran yara sun koma wasan gaɗa a dandali, ina jiyo su daga nesa. Ni kaɗai ce a lungun, ina ta ƙulla abin da zan faɗa. Na ji kaɗaici a wurin nan irin wanda ban ƙara ji ba sai da na girma.

Da farko a tsorace nake ƙarawa, kaɗan-kaɗan. Da na ga ta karɓa sai na saki jiki. Na sa likita ya yi zazzaɓi 'yar tela ta dama masa kunu. Na sa tsohuwar ta faɗi a bakin rijiya, Goggo ta ce Allah ya ƙara. Rannan kuma na ce kawunnan likita sun je neman aure, sun kai goro da alewa da dabino, tsohuwar ta aika aka karɓo. Goggo ta ajiye carbinta ta dube ni. Can ta ce, "Goron fari ne ko ja?"

Na ce fari.

"Madalla. Sun san mutunci."

Na kwanta ina yaba wa kaina wayo.

Gero ya fara fitar da kai lokacin da fim ɗin ya ƙare. Daga lungu na ji matan suna fitowa, wata tana jan hanci, wata tana cewa shi ke nan kuma. Ban ji yadda ya ƙare ba. Saura sati biyu Goggo ta fita, don haka na ci gaba da zuwa lungun, yanzu ba ko kiɗan. Ana gobe za ta fita, na kai labarina inda 'yar tela ta gaji, ta ɗaure akwatinta ta tafi tasha za ta bar garin, likita kuma ya biyo ta amma ruwa ya cika kwari motarsa ta kasa hayewa. A nan na tsaya, don ni ma ban san abin da zan yi da su ba.

Ranar fita aka toya waina aka raba. Goggo ta yi wanka, ta sa kwalli, ta ɗaura sabon zane, ta bi gida-gida tana godiya. Na san gidan Hajiya yana cikin lissafi. Na shige bayan ɗaki na zauna kusa da akurkin kaji. Sai bayan la'asar ta dawo. Ta cire mayafi, ta shimfiɗa tabarma, ta kira ni.

"Hajiya ta so ta ba ni ƙarshen labari," in ji ta. "Na ce ta riƙe abinta."

Na kasa ɗaga kai.

"Uwata, tun ranar goro na sani. Yaushe nasara suka fara kai goro?"

Na ce, "To me ya sa ba ki ce komai ba?"

"In na ce, wa zai ƙara zama da ni? Taho ki ƙarasa mini. Kin bar yarinya a tasha."

Da na san abin da na sani yau, da na zauna. Amma shekarata goma sha ɗaya, kuma ni mutum ce mai zuciya tun ina ƙarama. Abin da na ji kawai shi ne wata biyu tana kallona ina zuba, ta san komai. Kunya ta juye ta zama fushi. Na ce ashe dariya ake yi mini, na tashi na fice. Bayan kwana biyu ta sake tambaya, na ce ina da karatu. Ta ƙara sau ɗaya, cikin wasa, muna tsinkar zogale. Na ɗaure fuska. Daga nan ba ta sake ba.

Aka fara wani sabon fim, ta koma gidan Hajiya. Takan dawo ita kaɗai da tocilar Baba, ta tsaya a ƙofar ɗaki kamar za ta yi magana, ta gan ni na kifa kai a littafi, ta wuce. Shekara biyu bayan haka na tafi kwaleji a Damagaram. Ina shekarar ƙarshe aka aiko mini ta rasu.

Yanzu a gidana tele tana da tashoshin da ban san iyakarsu ba, fina-finan soyayya har da waɗanda aka juya zuwa Hausa. Ina kallo, ba zan ɓoye ba, har ihu nake yi wa mutanen ciki. 'Ya'yana mata biyu kowace tana ɗakinta da wayarta da abin kunne. In na fara ba su labarin abin da na gani sai su ce, Mama, ai mun wuce nan tun tuni. Kowa ya riga ya gani, ba wanda yake jiran wani ya dawo ya faɗa masa.

Da na ba ƙaramar wannan labari, ta ce in faɗi sunan fim ɗin kawai, yanzu za ta nemo mini ƙarshensa. Ina tune da sunan sarai, amma na ce mata na manta. Ƙarshen da Goggo ta roƙe ni har sau uku ba ya cikin waya, a bakina yake, kuma na hana ta. Yarinyar tana nan a tasha da akwatinta, inda na bar ta, kuma wadda za ta tambaye ni ko likita ya iso ba ta nan.