Makashin Da Ba Ya Manta Alƙibla

Shekarun baya, lokacin ina ganin babu abin da ya fi ƙarfina a duniya, na taɓa haɗa fim ɗin ban tsoro a nan Parakou. Irin wanda wani mugu ke rufe fuska yana bin mutane da wuƙa ɗaya bayan ɗaya. Kada ma ku wahalar da kanku wajen nemansa, ba ku yi asarar komai ba.

Kayan aikinmu duka kyamarar ɗaukar biki ce ta yayana, sai kwamfutata. Ba mu da fitilu, saboda haka duk kashe-kashen da rana tsaka aka yi su, mutane na wucewa a kan zemijan, wato acaɓa, suna ɗaga mana hannu. Jinin kuwa zoɓo ne muke dafawa da garin rogo har ya yi kauri. Wani mai wayo a cikinmu ya ce a zuba sukari don ya yi sheƙi, daga ranar gawa ba ta ƙara kwanciya lafiya ba saboda ƙudan zuma. Ƙarar suka kuma doya muke caka wa wuƙa kusa da kyamara, da yamma mahaifiyata ta daka mana sakwara da ita. 'Yan wasa sun yi mana kaɗan, har akwai yarinyar da ta mutu sau biyu, zani da kallabi kawai ta canza.

Wanda ya fito a makashi abokina ne, mahauci ɗan mahauci, mai teburi a kasuwar Arzèkè. Na zaɓe shi saboda ƙirarsa, da kuma dalilin da ban faɗa masa ba: yana da wuƙaƙe, ba sai mun nema ba. Muka huda buhun masara wurin ido muka kifa masa. In ya tsaya shiru a bakin ƙofa, wallahi ni da na sa masa buhun sai gabana ya faɗi.

Ranar farko, a wani tsohon sito bayan Gare, tashar jirgin ƙasa, aka zo wurin da zai kama yarinya ta farko. Ya kama ta, ta yi ihu yadda ya kamata. Sai na ga ya kwantar da ita a hankali kan gefen hagu, ya juya ta ta kalli gabas, wuƙar kuma tana ɓoye a bayansa. Can ƙasa-ƙasa cikin buhu na ji bisimilla.

Na ce, "Kupe! A tsaya! Kai mutumina, me kake yi haka?"

Ya ɗaga buhun yana gumi. "Me na yi?"

"Mugu ne fa kai. Mugu ba ya gyara wa mutum kwanciya. Nuna mata wuƙar, ta gani, ta firgita!"

"Haba, Malam mai fim. A nuna wa abu wuƙa kafin a yanka shi? Kuma fuskarta yamma take kallo."

Muka sake, ya yi alkawari. Muka kuma sakewa. Da zarar hannunsa ya kai ga wuyan mutum sai hannun ya yi abin da ya saba tun yana yaro a mahauta, shi kansa bai san ya yi ba. Hali zanen dutse. Na gaji na bar shi, na ce in na zo haɗawa zan rufe bisimillar da kiɗa. Kiɗan bai rufe ta duka ba.

Kashi na ƙarshe a gonar kashun wani kawuna muka ɗauka, a Onklou. Abin ya faɗo dab da babbar Sallah, lokacin da mahauci ba shi da lokacin ko tofar da yawu, sai abokina ya yi mana kwana biyu ya koma kasuwa. Saura kisa ɗaya. Na miƙa wa yayana kyamara, na kifa buhun da kaina. Nan na huce duk haushina. Na wasa wuƙar a kan dutse a gaban yaron da zan kashe, na lasa ta, na ja shi ta ƙafa cikin busasshen ganye, na yi dariyar mugunta. Da na cire buhun kowa ya yi tsit. Na ji daɗi ƙwarai, na ce yau dai an yi fim.

To, a lokacin nan abokina yana neman aure a Djougou. Yarinyar 'yar wani dattijo ce, jikan fataken goro, gidan da ake ji da su. Dama tun farko wasu cikin dangi suna ƙunƙuni a kan ɗan mahauta ne, dattijon ne ya tsaya masa, ya ce shi sana'a ba ta dame shi ba, a dai yi bincike a kan hali kamar yadda aka saba. Ana cikin binciken mutanen Onklou da suka kalle mu suka kai labari kasuwar Djougou: surukin Alhaji yana sa buhu yana yanka 'yan mata a gonar kashu. Kowa ya san wasa ne. Amma dattijon ya ce mutum ba ya zaɓar wasa sai wanda zuciyarsa ke so, ya dakatar da maganar sa rana.

Abokina ya same ni a ƙofar gida idonsa jajir. Bai zauna ba. Ya ce, "Ka kashe min aure." Na san yadda yake son yarinyar nan, na san tun yaushe yake tanadi, kuma ni na ja shi cikin wannan shirme. Raina ya ɓaci sosai, tsoro kuma ya kama ni.

Bayan 'yan kwanaki dattijon ya aiko. Ya ce a gidansu ba a sayen goro sai an buɗe ganye, a kawo masa abin ya gani da idonsa. Muka shiga mota zuwa Djougou, ni rungume da kwamfuta, abokina ko ruwa ya kasa sha a hanya.

A zaure ya karɓe mu bayan azahar, shi da ƙaninsa. Muka durƙusa muka gaishe su, na ɗora kwamfutar a kan kujera 'yar tsugunno na kunna. Ƙanin sai salati yake yana kau da kai. Dattijon kuwa bai ko motsa ba. Sau ɗaya ya yi magana, da yarinyar nan ta sake mutuwa: "Wannan ba ita aka kashe ɗazu ba?" Na ce ita ce, Baba. Ya ce, "Allah sarki."

Da fim ya ƙare sai ya dubi abokina.

"Yaro, wa ya koya maka ɓoye wuƙa?"

"Mahaifina ne, Baba."

"Da kwantarwa a hagu, da bisimillar da nake ji ƙarƙashin gangar nan?"

Abokina ya sunkuyar da kai. "Wallahi Baba ba da gangan ba ne. An hana ni, hannun ne ya ƙi."

Dattijon ya gyaɗa kai. "Sunan Allah ba na wasa ba ne, kada ka ƙara kai shi irin wannan wuri. Amma na ga abin da nake son gani. An ce ka yi mugunta ka kasa." Ya nuna kwamfutar da haɓa. "Na ƙarshen nan fa, na gonar kashu, ba kai ba ne."

"Ba ni ba ne, Baba."

"Na sani. Wannan ya ji daɗin abin. Shi kam ko akuya ba zan ba shi kiwo ba, balle 'ya."

Ina zaune dab da gwiwarsa. Bai tambayi ko wane ne ba, abokina kuma, Allah ya saka masa, bai ko kalli inda nake ba. Dattijon ya zaro goro daga aljihu, ya ɓara shi biyu, ya miƙa wa abokina ɓari, ya jefa ɗayan a bakinsa. Ya ce wa ƙaninsa a sanar da mutanen Parakou su zo a sa rana.

An yi auren, yanzu har 'yarsu ta fari ta shiga lakwal, makarantar boko. Fim ɗin kuwa sau ɗaya muka haska shi a wani ɗakin kallon ƙwallo, mutane suka yi ta dariya inda muka so su yi ihu, ban sake haɗa wani ba.

Abin da na ɗauka daga wannan lamari shi ne, ni na zaci in an kifa wa mutum buhu an ɓoye shi, ashe a lokacin ne ake ganinsa sosai. Na kan ba da labarin ana dariya, nima ina yi. Amma gaskiya maganar tsohon nan ba ta taɓa barina ba, don bai yi ƙarya ba, na ji daɗin abin. Har ya rasu, duk lokacin da na je gaishe shi yakan amsa da fara'a, ya tambayi mahaifiyata, ya sa min albarka. Sai dai duk tsawon gaisuwar, hannuna yake kallo.